In An Gama Rufi

Ƙarfe goma na safiyar Laraba wayar ofishin 'yan sanda ta yi ƙara. Wanda ya ɗauka ya fara da abin da aka ce kowa ya fara da shi, wato a shirye yake don juyin juya hali, sannan ya saurara, ya juyo ya dubi Sufeto Tidjani. Kafinta ne ya faɗo daga saman gini a unguwar Zongo, kuma ya cika nan take.

Ba a ma tsaya shawarar wanda za a tura ba. Tidjani mutumin Kandi ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano, don haka shekara goma sha ɗaya ke nan duk wata rigimar Zongo a kansa take ƙarewa. Motar ofis babu mai tun makon jiya. Ya yi tsaki, ya hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa.

Ƙarshen watan Maris ne na shekarar 1985. Iyakar Najeriya a rufe take, kayan gini sai mai ido da kwalli, ga hadari kullum yana tasowa daga wajen teku yana komawa. Duk mai gida a buɗe a Kwatano sama yake kallo.

Gidan da aka kira shi ba ɓoyayye ba ne. Daga gaba tsohon zaure ne na ƙasa, shi kaɗai ya rage a tsohon ginin. Bayansa kuwa an rushe komai an tayar da ɗakuna shida na bulo. Rabin rufin ya sha sabon kwano yana ta walƙiya, rabi kuma katako ne tsirara, baƙi wuluk da baƙin man mota da kafintoci ke shafawa saboda gara.

Gawar tana ƙarƙashin wannan rabin, an rufe ta da zane. Sunan mamacin Badarou, shekara ashirin yana rufin gidaje a Zongo, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar. Ƙusoshin da ke aljihunsa sun watse a kan yashi, babu wanda ya tsince.

Mai gidan, Alhaji Muhuyi, mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa, shi ya tarbi Sufeto. Ya ce ƙaddara ce, ya ce Allah ya jiƙan Badarou, sai kuma ya zarce da labarin gininsa kamar an tambaye shi: wata bakwai suna fama, sun sha wuyar siminti, an gama shafe, an sa tagogi, iyalinsa suna cushe a gidan haya.

"Kamarad Sufeto," in ji shi, "kwana huɗu kacal ya rage mana. Yaushe za a bari mu ci gaba?"

Tidjani ya dube shi sama da ƙasa. Gawar mutum ko sanyi ba ta yi ba, ga mai gida yana tambayar rufinsa. Ransa ya ɓaci, amma aikin ɗan sanda ya koya masa haɗiye irin wannan.

Ya tsuguna wajen katakon da ya karye da mamacin. Katako in ya karye don kansa, bakin karayar tsage-tsage yake yi. Wannan kuwa sama ce kaɗai ta tsage, daga ƙasa har fiye da rabi sumul yake kamar an yanka sabulu. Ya sa aka ɗaure masa guntayen biyu a bayan mobilet, ya ce kada wanda ya sake hawa ginin.

Nan fa Alhaji ya fara kame-kame. Da aka tambaye shi inda ya sayi kayan rufin, ya ce a kanti. Wane kanti? Ya manta. Sai da Tidjani ya fito da littafinsa sannan ya sassauta murya ya ce kwanon ta ruwa aka shigo da shi a kwalekwale, tunda hanya a rufe take. Tidjani ya ce masa shi ba ɗan kwastan ba ne, katako yake tambaya. Katakon kuwa nan cikin gari aka yanko shi, kuma Badarou da kansa ya zaɓa.

A hanyar fita ya leƙa zauren. Wani tsoho ne zaune a kan buzu, kewaye da gwangwanayen madara da na tumatir, waɗanda yake yankawa yana yin fitilun aci-balbal da mazurarai. Hannunsa na kan cinya, ba ya aikin komai.

"Ranka ya daɗe," in ji tsohon.

"Baba, an hana wannan gaisuwar. Yanzu duk kamarad muke."

"To, Allah ya ba mu haƙuri."

Alhaji ya yi saurin bayani. Baba Soumaïla ke nan, su suke riƙe da shi tun shekaru, ci da sha da sutura. In an gama rufi zai koma garinsu ya huta cikin danginsa, shi kuma zauren a rushe shi a fitar da shaguna biyu masu kallon titi. Har an yi magana da direban da zai kai shi. Tsohon dai kansa na ƙasa.

Bayan likita ya gama dubawa, Tidjani ya ba da gawar don a yi mata sutura kafin la'asar. Ya tsaya a ƙofar gidan mamacin cikin jama'a, don ya daɗe da sanin cewa wajen jana'iza ake jin abin da ba a faɗa a ofis. Ai kuwa sai ya ga ana ta ɗan kai-kawo. Wai Baba Soumaïla ne ya ce ba zai iya wankan gawar ba, hannunsa na ciwo. Wani dattijo da ke gefensa ya riƙe baki, ya ce shekara talatin Baba ke wanke mamatan layin nan, ko da zazzaɓi a jikinsa bai taɓa cewa a nemi wani ba. Balle Badarou, wanda kullum tare suke shan koko a bakin zaure.

Tidjani ya ji maganar, ya ajiye ta a ransa.

Washegari da safe delege, wato wakilin gwamnati a unguwar, ya riga shi zuwa ofis, ya taso Idi birkila a gaba. Shi delege ya riga ya gama bincikensa: Idi ne, don an ji su suna cacar baki da mamacin, kuma duk mai ɓata aikin gina ƙasa maƙiyin juyin juya hali ne. Tidjani ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin ƙofa, ya rufe.

Idi ya yi tsuru-tsuru. Da farko ya rantse bai taɓa sa-in-sa da Badarou ba. Da aka ce mutum uku sun ji, ya ce to sun yi, amma a kan katangar baya ce, Badarou ya ce ta karkace, shi kuma ya ce ƙarya ne. Ya shiga lissafa inda yake ranar Talata da ranar Laraba, da waɗanda za su ba shi shaida.

Tidjani ya bar shi yana zuba, ya ɗauko guntun katakon ya goge bakin yankan da tsumma da kananzir. Abu biyu ya gani. Yankan siriri ne ƙwarai, zarton kafinta ba ya yin irinsa. Sannan baƙin man nan ya shiga cikin yankan har ƙarshensa, ya bushe a ciki. Ke nan ba a saman gini aka yi ɓarnar ba. Tun katakon yana ƙasa aka yanka shi, kafin a shafa mai, man ne ma ya rufe tabon.

"Bar maganar Laraba," in ji shi. "Yaushe aka shafa wa katakon mai?"

"Ranar Asabar. Badarou ne ya shafa da hannunsa, Litinin aka ɗora."

"Kafin Asabar ina katakon yake?"

"A zaure, bayan Baba. Mako biyu ya yi a can, saboda ɓarayi."

"Kai kana ina a mako biyun nan?"

Idi ya ce yana kwance ba lafiya. Tidjani ya zuba masa ido kawai. Can Idi ya sosa ƙeya ya ce gaskiya wani aikin ya karɓa a unguwar Agontinkon a ɓoye, don Allah kada Alhaji ya ji. Aka aika ɗan sanda ya tambayo, aka tarar haka ne. Idi ya kuma ƙara da cewa tun da aka fasa katangar gefe don shigo da yashi, babu mai bi ta zauren, kowa ta gefe yake shiga.

Tidjani ya sallame shi. Maimakon ya ji daɗi, sai abin ya ƙara damunsa. Ya so a ce Idi ne, ko delege, ko ma wane ne.

Da azahar ya shiga Dantokpa, ya ratsa masu tura amalanke har rumfar Hajiya Ramlatu, matar Alhaji. Gidan na su biyu ne, kowa a Zongo ya san guminta ya fi yawa a ginin. Ta ba shi kujera, ta yi ta jajanta mutuwar Badarou, da alama kuma har zuciyarta take yi. Da ya kawo zancen Baba sai ta saki fuska, ta ce ai shi ya matsa, kewar gida ke damunsa, su ma ba da son ransu za su rabu da shi ba.

"Yaya sunan garin nasu, Hajiya?"

Ta ce wajen Konni ne dai.

"Wa yake da shi a can?"

Ta ce ba za a rasa dangi ba.

"Yaushe rabonsa da garin?"

Nan ta sha mur, ta ajiye turmin atamfar da ke hannunta. Ta ce shi Sufeto bai san komai ba. Shekara goma sha bakwai tana dafawa tana aika wa tsohon nan, tana wanke masa kaya, ko uban da ya haife ta ba ta yi wa haka ba. Yanzu 'ya'yanta sun girma, kasuwa ta mutu, shagunan nan su ne abin da za su dogara da shi. Shin laifi ne mutum ya gyara gidansa?

"Kafin ya zama gidanku, na wa ne?"

Ta kawar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. Baba Soumaïla ne ya sari filin tun wurin yana fadama, shi ne mai masaukin baƙi na layin. Shi ya sauki Muhuyi ranar da ya zo Kwatano da 'yar jaka ɗaya, ya nema masa rumfa, ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensu. Da tsufa ya kama shi, ba shi da magaji, sai ya kai Muhuyi ofis aka juya takardar gidan da sunansa, kyauta. Sharaɗi ɗaya ya kafa, shi ma da baki: a bar masa zaurensa har ya mutu.

"Ai ba a rubuta ba," in ji ta a hankali, ba ta dube shi ba.

Tidjani ya tashi bai yi mata sallama ba. A duk littattafan dokar da ya karanta babu inda aka hukunta abin da mutanen nan suka yi, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Ranar Juma'a da hantsi ya koma Zongo, tare da ɗan sanda guda. Hadari ya haɗu sosai, iska tana kaɗa tampol ɗin da aka rufa wa tagogi. Ya shiga zauren ya zauna a ƙasa kusa da tsohon, suka gaisa, ya tambayi hannu. Baba ya ce da sauƙi.

Ya ɗauki fitila ɗaya yana jujjuyawa, ya yaba aikin, ya tambayi kayan da ake yi da su. Baba ya nuna masa almakashin ƙarfe, da dalma, da 'yar guduma. Da ya tambayi zarton ƙarfe, tsohon ya ɗaga gefen buzu ya miƙo masa. An goge shi tas, ko ƙura babu a haƙoransa. Tidjani ya gwada kaurinsa da idonsa, daidai yake da yankan. Amma irin wannan zarton akwai ɗari a Zongo, babu alƙalin da zai ɗaure mutum a kansa.

Ya mayar masa, ya fito. Tun a hanya ya yi wani tunani: wanda yake son ya tsayar da rufin gida guda ba zai yanki katako ɗaya ya tsaya ba. Don haka ya taho da Ibrahim, ƙanen mamacin, shi ma kafinta ne magidanci, wanda yanzu marayu biyar suka dawo wuyansa. Ya riga ya gargaɗe shi cewa ya hau tsani ya tsaya a kan katanga, ko da wasa kada ya taka katako.

A tsakar gida, daidai inda murya za ta kai zaure, ya ce wa Alhaji bincike ya ƙare, tsautsayi ne, a ci gaba da aiki. Baki har kunne Alhaji ya shiga godiya. Aka jingina tsani. Ibrahim ya soke guduma a ƙugu, ya yi bisimilla ya fara hawa.

Yana taka na biyar aka ji motsi a bakin zaure. Baba Soumaïla ne tsaye, ya dafa bango.

"Ku ce ya sauko," in ji shi.

Alhaji ya ce, "Baba, koma ciki, iska ake yi."

"Muhuyi, ka ce yaron mutane ya sauko. Akwai sauran uku. Biyu a kan ɗakin tsakiya, ɗaya a kan na ƙarshe."

Ibrahim ya sauko a hankali, ya tsaya yana kallon tsohon da ya saba gaisarwa a durƙushe. Tidjani ya shiga tsakaninsu, ya karɓe gudumar daga ƙugunsa.

Ba a sha wahalar tambaya ba, tsohon da kansa ya zauna a dokin ƙofa ya faɗi komai. Tun da aka fara ginin babu wanda ya zo ya zauna ya gaya masa za a kore shi. A bakin ma'aikata ya ji, sannan ya ji Ramlatu tana gaya wa direba cewa in an gama rufi za a neme shi. Daga ranar duk safiya sai ya leƙa ya ga inda aiki ya kai. Da aka jibge katakon a bayansa, sai zuciya ta raya masa cewa in katakon ya lalace dole a dakata, damina ta shigo, ba mai rufi cikin ruwa. Ya samu wata huɗu ko biyar, wataƙila kafin nan Allah ya karɓi abinsa a ɗakinsa.

Da rana tsaka yake yankan, kaɗan-kaɗan, kwana tara. Kowa ya saba jin ƙarar zartonsa, ba wanda ya leƙo. A zatonsa wajen ɗagawa za su karye a hannun ma'aikata, a ce katakon banza ne a zubar. Shi maƙerin gwangwani ne, bai san ƙarfin katako ba. Da ya ga an ɗora su lafiya ranar Litinin, ya yi niyyar magana, kunya ta hana shi. Talata ma haka. Ranar Laraba da safe Badarou ya kawo masa koko, ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji kansa yana cewa Allah ya ba da sa'a.

"Ni na kashe shi," in ji shi. "Da wane hannun zan wanke shi?"

Ya dubi Alhaji. Bai ɗaga murya ba.

"Muhuyi, shekarata hamsin da huɗu rabona da garin nan da kake cewa garinmu. Ko hanyar gidanmu ba zan gane ba. Matata tana kwance a maƙabartar nan, 'ya'yana biyu suna gefenta. Gida na ba ka, ɗaki ɗaya na roƙa."

Alhaji ya shiga rantse-rantse, yana cewa jama'a su shaida, shi alheri ya yi niyya, dubi abin da aka saka masa da shi. Jama'a suka kawar da kai. Da ya ga haka sai ya matso kusa da Sufeto ya yi ƙasa da murya, ya tambaya ko tunda an san katakon da suka lalace, za a iya canza ukun nan yau a ci gaba gobe.

"Gidanka ne, kamarad," in ji Tidjani. "Takarda ta ce naka ne."

Bai sa wa tsohon ankwa ba. Ya bar shi ya ɗauki buzunsa da butarsa da carbi, ya ce wa ɗan sandan da ke tare da shi ya turo mobilet ɗin a baya, su za su taka. Mutanen layin sun fito ƙofar gidajensu, waɗanda ya sauka suna baƙi da waɗanda ya wanke wa iyaye, suna kallo. Kafin su kai kwanar layin Tidjani ya waiwaya, ya hango an fara fito da gwangwanayen ana zubawa a bakin titi.

Sun yi nisa kaɗan tsohon ya tsaya ya huta. Ya riƙe hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, in tambaye ka. Gidan yarin da za a kai ni, a nan Kwatano yake?"

"A nan yake, Baba."

"In mutum ya mutu a ciki, ina ake kai shi?"

Tidjani ya ce in akwai masu karɓa, ana ba su gawar su kai maƙabartar unguwarsu.

"Kai za ka karɓe ni?"

"Zan karɓe ka."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon butarsa.

"To, mu je," in ji shi.